Ranar da Na Yi wa Mussa Ɗori

Ni ɗiyar maɗori ce. Da wannan na fara, domin duk wanda ya ji cewa na yi wa kyanwa ɗori dariya yake soma yi, har da riƙe ciki. To, a yi dariyar, amma a sani a Aliero aka haife ni, a gidan da ake kawo masu karaya daga nesa, wani a bayan mota, wani a kan amalanke. Tun ban iya ɗaura zane ba nake riƙe wa Babanmu ƙwaryar man shanu idan yana aiki.

Na san yadda yake lumshe ido ya bi ƙashi da babban yatsa har ya gano inda ya rabu. Na san yadda yake jan mai karaya da hira, ya tambaye shi albasar bana ko lafiyar yara, sai mutum ya saki jiki sannan ya ja ƙafar farat ɗaya. Na san saƙar kararen da yake naɗewa, wadda take kamar ƙaramin asabari. Ranar kwance ɗori kuwa, sai ya sake bin ƙashin da yatsa, ya daɗe a kai har mai ƙafa ya fara zufa, sannan ya ce, “Ya kama.” Ba ya ƙara komai a kai. Na ga ƙatti masu gemu suna hawaye saboda jin wannan magana.

Abu ɗaya ne ban samu ba, shi ne tofin da ake yi a kan ɗori da iznin yin aikin. Wannan Yayana aka ba. Ina da shekara goma sha biyu na ji Inna daga bayan zana tana ce wa Baba ai yarinyar nan ma tana da hannu. Ya ce, “Ɗiya mace gidan wani za ta. In ka ba ta, ka ba wani gida.” Ban yi kuka ba ranar. Na je na wanke ƙwaryar man shanun, na kife ta da ƙarfin da ya sa ta tsage, na sha duka, maganar kuma ta zauna mini a ƙirji.

Gidan wanin kuwa na je. Aure ya kawo ni Jega, gidan direba mai jigilar mutane zuwa Maiyama da ƙauyukanta. Na haifi nawa, na aurar, Baba ya rasu, Yaya ya gaji zaure. A cikin shekarun nan duka ban taɓa ƙashin kowa ba, in ka ɗebe na miya.

Kyanwar da kanta ta zo mana, wata damina, a jiƙe, ruwan toka da farin hannu ɗaya. Ba mu sa mata suna ba, Mussa muke ce mata kamar yadda muke ce wa kowace kyanwa a wajenmu. Kafin wata biyu ta share mana ɓerayen da suka hana buhun gero zaman lafiya. Ba ta da fara'a, ba ta son a ɗauke ta, in ka kira ta sai ta ga dama. Maigida ya ce halinmu ɗaya, shi ya sa muka shaƙu.

A bazarar shekara ta biyu na lura nonuwanta sun yi ja sun fito, cin abincinta ya ninka, ta daina hawa katanga. Cikin ya soma fitowa ta gefe da gefe. Idan ta kwanta a inuwar randa ina ganin abin yana motsi a ƙarƙashin fata. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, na ƙiyasta saura mata kamar mako guda ko fiye.

Motar maigida tana da lalurar batir. Saboda haka a kan gangaren ƙofar gida yake ajiye ta, ya sa dutse a tayar, idan zai fita sai ya cire dutsen ya bar ta ta gangara kafin ta tashi. Da mota ce mai tashi da makulli, ƙarar inji za ta kori duk abin da ke ƙarƙashi. Ran nan bayan azahar, rana kamar ta fasa kai, Mussa ta shiga inuwar motar ta miƙe. Ya cire dutse, motar ta sulale ba ko tari. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji kukan, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ƙafar baya ta hagu ce, ƙasa da gwiwa. Fatar ba ta fashe ba, amma ƙafar tana lilo. Ta ja jiki ta shige bayan turmi tana huci, cikin nan yana hawa yana sauka.

Maigida ya tsaya yana salati, ya cire hula ya mayar. Can ya ce, “Wagga ba ta tashi. Kawo buhu in sa ta, in na kai hanyar Gumbin Kure in aje ta cikin daji. Ya hi mu zauna muna kallon wahalatta.”

Haka ake yi da kyanwar da aka gaji da ita, a sa a buhu a ba direba ya yar da nisa don kada ta gane hanya. Na san shi ba mugu ba ne, kunyar abin da ya yi ce take cinsa, yana son ya kawar da shi daga idonsa. Amma raina ya ɓaci. Na ce, “Malam, rai nawa za ka sa cikin buhun? Ka ƙirga na cikin cikinta? Kai kat taka ta, kuma kai za ka yashe ta? Wallahi ba a gidanga ba.”

Na lulluɓe ta da tsohon zane, na sa ta a kwali, na yafa mayafi na nufi tasha. A cikin motar Aliero wata mata ta tambaye ni ko kaji na sayo. Da Mussa ta amsa mata daga cikin kwalin, sai mota ta kaure da dariya. Wani dattijo ya ce duniya ta zo ƙarshe, mussa ma ta san garin ɗori. Na ce masa ai ta fi wasu, da suke zama da karaya har ta ruɓe.

Na tarar da Yaya a zaure, mutum uku na jiran layi. Na gaishe shi yadda ya kamata, na durƙusa, na jira ya sallami na gabansa, sannan na buɗe kwalin.

Ya leƙa, ya ɗago ya dube ni. “Mi kinka kawo muna?”

“Karaya ta, Yaya. Ga ciki ya tsuhwa. In ba a ɗora ba, ba ta iya haihuwa, ba ta iya shayarwa.”

“Ke, kin san inda kike? Zauren Baba na wanga. Mutane na zowa tun daga uwa duniya, su iske ni riƙe da ƙahwar mussa? Gobe mi za a ce da gidanga?”

A gidanmu akwai wata al'ada. Idan karaya ta yi muni, sai a kamo kaza a karya mata ƙafa daidai inda ta mutumin ta karye, a ɗora su tare. Ranar da kaza ta taka, ana sa ran mai karaya ma ya kusa. Ni ce mai kamo kajin tun ina yarinya, kuma ban taɓa son aikin ba. Sai na ce, “Yaya, kaza nawa ka karya da hannunka ka ɗora? Ita kaza lahiyarta lau kake karya ta. Wagga da Allah Ya kawo da karayarta, ita ta abin kunya?”

Ɗaya daga cikin masu jira ya yi dariya ya toshe baki. Fuskar Yaya ta canza. Ya ce in tashi in shiga ciki in gaida matan gida. Na ce daga nan zan juya, tunda shi ba zai yi ba ni zan yi.

Ya ce, “Ba ki da izni. Ba ki da tohi. Ɗorin da babu izni ba shi kamawa, kin sani. Kar ki ɓata muna gado.”

Na ce, “Gadon da ba a ba ni ba, ta yaya zan ɓata shi?” Na rufe kwalina na fita. Ban taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba sai ranar. Kuma gaskiya tsoro ya kama ni, don ni ma da wannan imani na tashi, cewa hannu kaɗai ba ya ɗori.

Kafin la'asar ta yi sanyi na dawo Jega. Na fere karan dawa sirara guda shida daidai tsawon ƙwaurinta, na saƙa su da zare, na yaga tsohon ɗankwali, na ɗebo man shanu. Maigida bai fita aiki ba ashe, yana zaune a bakin ƙofa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ce ya zo ya riƙe, tunda tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Muka naɗe ta da bargo, kai da hannuwa a ciki, ƙafar kaɗai a waje, na gargaɗe shi kada ya danne cikin.

Na lumshe ido na sa yatsa. Ƙashin siriri ne kamar tsinken tsire, amma yana nan, kuma na ji bakin karayar, ɗaya ya hau kan ɗaya. Shekara talatin da wani abu, yatsana bai manta ba. Ba ni da tofi, sai na yi bisimilla na karanta abin da kowace Musulma ta iya. Na ja. Ta yi wata ƙara, ta fito da hannu ta cikin bargon ta tsaga wa maigida damtse. Na ce masa wannan kuɗin motarsa ne, ya riƙe da kyau. Na shafa mai, na naɗa karare, na ɗaure.

A nan na yi kuskuren da sai ɗiyar maɗori za ta yi shi. Na ɗaure da ƙarfin da na ga ana ɗaure ƙafar manomi. Washegari da safe na tarar tafin ƙafar ya kumbura ya yi sanyi, ta ƙi ko kallon abinci. Na ce shi ke nan maganar Yaya ta tabbata. Ina tsugune a gabanta sai na tuna Baba yakan zura ƙaramin yatsa ƙarƙashin ɗauri kafin ya ƙulle, in bai shiga ba ya sassauta. Sau dubu na gani, ban taɓa tambayar dalili ba, don ba a ba ni damar tambaya ba. Na kwance, na murza tafin a hankali har ɗumi ya dawo, na sake ɗaurewa da sauƙi. Fatar wurin ta saluɓe daga baya, gashi bai sake fitowa ba. Wannan tabon nawa ne, ba na mota ba.

Kwana tara tana jan ƙafa tsakanin ɗakina da bayan gida. Sau biyu tana cinye zaren, sau biyu ina sakewa. Na riƙa aika wa mahautan kasuwa a kawo mini guntun hanta da huhu, na dafa ba gishiri ba yaji. Maƙwabta suka sa mini suna likitar mussa. In sun faɗa sai in amsa da “na'am”, abin ya daina yi musu daɗi.

A rana ta goma da hantsi ta ƙi abinci, ta riƙa bina tana wani kuka ƙasa-ƙasa, ta shiga ƙarƙashin gado ta fito. Na jawo babbar roba na shimfiɗa tsummoki, na sa a lungun da ba haske, na kore kowa daga ɗakin. Ta shiga ta kwanta, cikin ya soma ɗaurewa yana saki.

Na farko ya fito cikin jakarsa, jiƙe, kamar ɗan ƙullin kuka a leda. Lafiyayyar kyanwa takan lanƙwasa nan take ta yage jakar da harshe, ta lashe hancin har ɗan ya yi numfashi. Mussa ta yunƙura ta juya, kararen suka tokare ta. Ta sake yunƙurawa, ta kasa kaiwa. Ɗan yana ciki yana motsi, motsin yana raguwa.

Kowa a garin nan zai gaya maka ba a taɓa ɗan kyanwa sabon haihuwa, wai in uwar ta ji warin mutum za ta ƙi shi ko ta cinye shi. Da wannan ma na tashi. Amma na ga in na bi maganar mutane, ɗan zai mutu a gabana da tsarkinsa. Na goga hannuna a jikin uwar da tsumman da take kwance a kai, na yage jakar da farce ta wajen fuska, na share hancin, na miƙa mata shi daidai bakinta. Ta shinshina shi, ta shinshina yatsuna, ta dube ni. Sai ta sa harshe. Da ya yi wannan ɗan siririn kukan, sai na yi hamdala. Ita ta datse cibiyar da haƙori, ta cinye mabiyiyar, ni dai miƙo mata nake yi.

Haka muka yi har biyar, ana kiran azahar muna gamawa. Na huɗun bai zo da rai ba. Na share shi, na murza bayansa da tsumma, na hura masa iska, shiru. Ban sani ba ko tayar mota ce ta same shi tun a ciki, ko ni ce na yi nawa. Na binne shi a gindin zogale, kuma ya dame ni fiye da yadda zan iya gaya wa mutane a lokacin.

Huɗun da suka rage, idanu a rufe, kunnuwa a manne, ba abin da suka sani sai nono da barci. Nan na koyi abin da ban taɓa lura da shi ba, cewa ɗan kyanwa ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki. Waɗanda ke kusa da bakinta tana yi musu, na wajen ƙafar sai su kwana da ciki a kumbure suna tsala kuka. Sai na riƙa jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ina shafa musu bayan kowane shan nono, ko in juyo mata su ɗaya bayan ɗaya. Akwai 'yar auta, mace, mai farin hannu irin na uwar, wadda manyan ke ture ta daga nono. Nakan kama biyu daga cikin ƙattin in riƙe a cinya har ta ƙoshi. Wata maƙwabciya ta ce in ba ta madarar gari a cokali. Na ƙi, don na taɓa ganin yadda madara ke sa su zawo. Uwar na ciyar, ita ta ciyar da su.

Na zagaye robar da toka saboda cinnaku. Na toshe tagar da wani muzurun unguwa yake leƙowa, domin muzuru ba ya barin jarirai. Cibiyoyin suka bushe suka faɗi cikin kwana uku zuwa huɗu. Bayan mako guda da 'yan kwanaki idanu suka soma tsagewa, shuɗaye, suna kallon mutum ba su gan shi ba. Maigida, mai buhu, shi ne yanzu yake dawowa da ƙullin ƙananan kifi, yana tambaya ko 'yar autar ta sha.

Da ɗorin ya yi kwana talatin da biyar na kwance. Ƙafar ta rame, ta ɗan gajarta, ga tabon da na yi mata. Mussa ta lashe ta tsawon lokaci, ta miƙe, ta ƙi taka ta. Kwana biyu tana tafiya da uku, ni kuma abinci ya ƙi shiga mini.

A rana ta uku Yaya ya yi sallama. Kasuwa ta kawo shi Jega, in ji shi, amma na san labari ne ya kai Aliero cewa ƙanwar maɗori ta buɗe asibitin dabbobi. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na kawo ruwa da fura. Ya fara da cewa maganar da zai yi ba ta daɗi ba ce, amma dole babba ya faɗa. Bai kai ga faɗar ba.

Kyanwa takan sauya wa 'ya'yanta wuri, kuma tun haihuwa Mussa ba ta samu iko ba. Sai ga ta ta fito daga ɗakina da ƙaton cikinsu a baki, ta kama shi ta ƙeya, ƙafafunsa na reto. Ta ratsa tsakar gida ta gabanmu zuwa ɗakin ajiya. Tana ɗingishi, amma da huɗu take tafiya. Ta ajiye ta dawo, ta ɗauki na biyu. Haka ta yi har ta kwashe su duka.

Da ta fito ta kwanta kusa da randa, Yaya ya tashi ya je ya tsuguna, da babbar rigarsa da komai. Na ce za ta yage shi. Ba ta yi ba. Ya kama ƙafar, ya lumshe ido, ya bi ƙashin da babban yatsa, sai na ga Baba sak.

Ya ce, “Ba ki ja sosai ba. Ya gajarta.”

Na ce na sani.

“Kin kuma matse ɗauri.”

Na ce wannan ma na sani.

Ya sake bin ƙashin da yatsa. Sannan ya ce, “Ya kama.”

Na ɗauke kai na kalli zogale, don ba zan bari ya ga idona ba. Tun ina da shekara goma sha biyu nake son wani daga zauren nan ya faɗa mini haka, sai ga shi a kan ƙafar kyanwa na samu. Daɗi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi.

Ya sha furarsa, bai koma kan maganar da ta kawo shi ba. Da na rako shi zaure, yana sa takalmi, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Kusu ya dame mu cikin rumbu. In sun isa yaye, ki aje min guda.”

Na ce, “Mazan ukku an riga an roƙa, Yaya. Macen ta rage.”

“To, ba ni macen.”

Na ce, “Ɗiya mace ta. In na ba ka, na ba wani gida.”

Ya soma dariya, sai ya tsaya a tsakiya, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ashe shi ma yana bayan zanar ranar, ko kuwa an sha faɗa a gabansa. Ya daɗe a haka, sannan ya ƙarasa sa takalmin ya ce in gaida maigida.

'Yar autar tana nan gidana har yau, ta haihu sau uku a cikin robar nan. Duk lokacin da ta fara naƙuda, uwar takan zo da ɗingishinta ta zauna a gefe, ni kuma in jiƙa tsumma in ajiye kusa, ko da ba za a buƙata ba.